Ɗana ya kusa shekara biyu baya magana, Hajiya tace gado ne

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a sakaya sunana. Ina aure a nan Zariya, gidan gandu ne, ga surukata ga faccalolina. Ɗana na fari, Abba muke ce mai, watansa 22. Yana wata 13 aka gane ina da ciki, Hajiya tace nonon ya lalace a cire shi, rana ɗaya aka yaye shi aka maida shi ɗakinta. Tun daga nan yaron bai sake komawa daidai ba, gudawa ta tafi ta dawo, ya rame, gashinsa yayi ja ja, baya son komai sai koko da shayi da biskit. Magana kuwa banda "mama" da "ba" babu abinda yake faɗa, alhali ɗiyar faccalata da ya girma da wata 2 bakinta ya buɗe tar. Kunnensa na dama ya taɓa yin ruwa har sau biyu. In ya fara rigima waya ake miƙa mai ya kalli katun. Hajiya tace haƙori ne, wai babansa ma sai da ya shekara 3 kafin yayi magana, yanzu kuma tana so a kira wanzami ya duba beli. Maigida yace shi bashi da kuɗin Cerelac da madarar gwangwani. Ga jaririya a hannuna wata 2. Wallahi Anti kullum laifina nake gani. Ya zanyi?

Maman Abba

Wa alaikumus salam Maman Abba, Allah Ya raya Abba da ƙanwarsa, Ya baki lafiyar shayarwa.

Ƙanwata, yaron nan asibiti zaki kai shi cikin satin nan, ba bayan albashi ba, ba sai an gama shawara da kowa a gidan ba. Ke maganar da baya yi ce tafi tsaya miki a rai, ni kuma ramar da jan gashin da gudawar da taƙi tafiya su suka fi tada min hankali, domin waɗannan ukun in suka haɗu a jikin yaro ɗan ƙasa da shekara 2 abu na farko da ake zargi tamowa ce, kuma yaron da jikinsa ke fama da ƙarancin abinci baya da kuzarin wasa balle na koyon magana, zaki ganshi zaune shiru yana bin mutane da ido ana ta yabonsa wai yaro mai haƙuri.

Tun kafin ki fita ma yau ɗinnan ki yi abu ɗaya. Ki zaunar da shi, ki danna babban yatsanki a bayan ƙafafunsa duka biyun, ki ƙirga ɗaya biyu uku a hankali sannan ki ɗaga. In wurin ya lotsa ya tsaya bai ciko ba to kumburi ne, kuma wannan ba na jiran gobe bane, yau za'a tafi. Haka in ya kasa shan komai, ko yana amayar da duk abinda ya shiga bakinsa, ko jini a kashinsa, ko jijjiga, ko wani irin barci da ake tada shi da ƙyar. In babu ko ɗaya cikinsu ki fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwarku, kice a ɗora shi a sikeli kuma a auna damtsensa. Wani ɗan tef ne mai kala uku ake zagaya shi a tsakiyar damtse, ja yana nufin ƙasa da santimita 11.5, wato tamowa mai tsanani, ruwan ɗorawa daga 11.5 zuwa 12.5 ya fara shiga, kore kuma alhamdulillahi. Masu ja su ake ba abincin nan na gyaɗa da madara da ke cikin leda, kuma in an baku nashi ne shi kaɗai, magani ne, ba na lasar yaran gida bane balle a kai kasuwa. Idan sun ga abin yafi ƙarfinsu zasu tura ku gaba, ga cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau a cikin gari, ga asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, ga asibitin koyarwa na Shika.

Ki tafi da katin rigakafinsa. Ina zargin allurar ƙyanda ta biyu, wadda ake yi a wata 15, ta wuce shi, tunda daidai lokacin ne kina fama da laulayi shi kuma ya koma ɗakin Hajiya. Ba'a makara ba, za'a yi mai. Ki tambayi bitamin A da maganin tsutsar ciki, duk bayan wata 6 ake basu.

Sai kunne. Kin faɗe shi a tsakiyar wasiƙa kamar ba komai ba, alhali duk yaron da bakinsa yayi nauyi kunnensa ake fara dubawa, tunda abinda yaro yaji shi yake maimaitawa. Kunnen da yayi ruwa sau biyu yana iya barin huji a dodon kunne, ko ruwa ya taru a bayansa, yaron yana ji amma sama sama, kamar mutum ya tura kansa cikin randa ana mai magana daga waje. Shi yasa gwajin da ake yi a gida na buga kwano a bayan yaro baya nuna komai, ƙarar kwano ko mai rabin ji zai juyo. Ki tsaya a bayansa inda baya ganinki, ɗakin shiru, ki kira sunansa ƙasa ƙasa, ta dama sannan ta hagu. Ko ya juyo ko bai juyo ba ki faɗa wa likita a leƙa kunnen da fitila, kuma ki roƙa a tura ku sashen kunne da hanci da maƙogwaro na Shika a gwada jinsa da na'ura. A Kaduna ma akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa in ta kama. Kafin nan kar a ɗiga mai komai, ba man zaitun, ba ruwan ganye, ba turare, in ruwa ya fito a naɗe tsumma mai tsafta a tsane shi kawai. In yayi shawara yana jariri har idonsa yayi ɗorawa sosai, ko ya taɓa sanƙarau, shima ki faɗa, duka biyun suna taɓa ji.

Maganar Hajiya ta gado ba ƙarya bace gaba ɗaya, kar ki raina ta. Ana samun gidan da yaransu ke jinkirin magana daga baya su zo su ishi kowa da surutu. Amma gado baya sa gashi yayi ja, kuma baya sa kunne ruwa. Abinda ake sa ran gani shine yaro ɗan wata 18 yana da 'yan kalmomi banda mama da baba, zuwa shekara 2 kuma ya fara haɗa biyu, "ba ruwa", "Baba tafi". Abba bai kai nan ba, gaskiya ne. To amma ki lura min da waɗannan, domin sun fi yawan kalmomin muhimmanci. In kika ce "Abba ɗauko takalminka" ba tare da kin nuna da hannu ba, yana ɗaukowa? In ƙananan jiragen nan na makarantar koyon tuƙin jirgi suka wuce ta saman gida, yana ɗaga yatsa ya nuna sannan ya juyo ya kalli fuskarki wai kema kin gani? Yana kara murfin kwano a kunne wai yana waya, ko ya goya ɗankwali wai jaririya? In yana waɗannan to kan yana aiki, bakin ne ya rage, kuma da abinci da hira da gyaran kunne mafi yawan irinsu suna kamo sa'o'insu. In baya yi, baya kallon ido, baya amsa sunansa, ko da yana faɗin wasu kalmomi ya daina, wannan ki faɗa wa likitan yara shi da bakinki tun kafin ya tambaya.

Wanzami kuwa a'a. Wannan ban yarda a yi sassauci a kansa ba ko za'a yi fushi dake. Beli halitta ce, kowa da nashi, baya hana magana baya hana cin abinci baya sa gudawa. Yaron da ya riga ya rame jininsa kaɗan ne, a sa mai aska a maƙogwaro ya zubar da wanda ya rage, ga haɗarin tetanus da ciwon hanta ta ƙarfen da ba'a dafa ba, sannan yayi kwanaki baya iya haɗiya. Haƙori shima an ɗora mai laifin da ba nashi ba. Yana sa dasashi ƙaiƙayi da dalala da 'yar rigima, amma gudawa daga ƙazantar da ke shiga baki take, lokacin fitar haƙori ne yaro ke rarrafe yana kai komai baki shi yasa ake haɗa su. Kuma ki yi nesa da magungunan haƙori na kemis, manya basu manta da My Pikin ba, tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 yara sama da 80 suka rasu a ƙasar nan sanadin gubar da ke cikinsa, ƙodarsu ta tsaya, har da yaran nan Zariya. Maganin gudawa sananne ne kuma mai araha, ORS, wato garin gishiri da sugan nan na asibiti, ƙulli ɗaya a ruwa mai tsafta lita 1, ana bashi kaɗan kaɗan bayan kowace fita, da zinc ƙwaya ɗaya kullum kwana 10 zuwa 14 ko da gudawar ta tsaya a kwana na uku, kuma ba'a daina bashi abinci. Wanke hannu da sabulu bayan an wanke mai kashi da kafin a bashi abinci, ke da duk mai riƙonsa.

Yanzu abinci, inda maigida yace bashi da kuɗi. Ki ce mai Anti tace ya kwantar da hankalinsa, ba'a buƙatar gwangwani ko ɗaya. Matsalar kokon da Abba ke sha ruwa ne tsululu, an tace an zubar da dusa, cikin yaro kuma ɗan ƙarami ne, kofi ɗaya ya cika shi, to in kika cika shi da ruwan gasara da suga ya ƙoshi amma bai ci komai ba. Shayi yafi muni, yana hana jiki ɗaukar sinadarin da ke ƙara jini daga abinci, biskit kuma yana kashe mai yunwa daidai lokacin da tuwo zai sauka. Waɗannan biyun a janye su, zaiyi kuka kwana biyu uku, ba komai.

Ki haɗa garin kunu da kanki. Awo 6 na gero ko dawa ko masara, awo 3 na waken suya, awo 1 na gyaɗa, da duk abinda kika auna, gwangwanin madara ne ko kofi. Waken suyan ki jiƙa shi ki murje ɓawon ki shanya ya bushe sannan ki soya sama sama har ƙamshi ya tashi, gafin nan ya fita. Gyaɗar ki tsince, duk wadda tayi baƙi ko fumfuna ko ta yamutse ki zubar kar ki ji asara, ki soya ki murje. Hatsin a wanke a shanya a ɗan soya shi. A haɗa a kai inji, ki tsaya a kai kar a niƙa miki bayan barkono, ki zuba a roba mai murfi. In zaki dama ki dama da kauri, ki karkata cokali ki ga ya tsaya bai zube ba, ki dafa shi sosai, ki sa cokalin manja ko man gyaɗa a ciki. Wannan yafi abin gwangwanin da za'a riƙa tsinkawa da ruwa don ya kai ƙarshen wata.

Banda kunu, abincin gidan ne dai. Tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa da aka daka busasshen kifi a ciki aka tankaɗe ƙaya, faten wake, alale, awara, dankalin Hausa, kabewa, zogale a miya ko a daka busasshen a barbaɗa, gwanda, mangwaro in lokacinsa yayi, 'yar hanta ranar da aka samu. Ƙwai ko sau uku a sati, kuma dan Allah a bar zancen wai yaro zai yi sata in ya saba da ƙwai. Sau 3 zuwa 4 a rana da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani. Gyaɗa ko aya guda guda kar a bashi, tana shaƙe yara.

Ga kuma abinda nake ganin yafi cutar ƙananan yara a gidan gandu, ba rowa bace, tire ne. A zuba wa yara shida a tire ɗaya a tsakar gida, 'yan shekara bakwai su kai loma biyar kafin ɗan wata 22 ya gama hura ta farko, yana ɗagowa an suɗe, ya tashi da maiƙo a baki kowa ya ɗauka yaci. Abba kwanonsa daban, babba ya zauna a gabansa har ya gama, a bar shi ya damƙa da hannunsa ya ɓata riga, ana taya shi ana mai hira. Banda ɗure. Matse yaro tsakanin cinyoyi a toshe hanci a kwarara koko yana iya tura shi huhu, kuma shi ke sa yaro ya tsani ganin cokali. In yaƙi abu yau ki sake kawowa jibi, yara sai sun ga abu sau da yawa kafin su yarda dashi.

Waya. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta bada shawarar yaron da bai kai shekara 2 ba kar a zaunar dashi gaban allo kwata kwata, daga 2 zuwa 4 kuma kar ya wuce awa 1 a rana. Dalilin mai sauƙi ne, katun yana ta zuba ne baya jiran amsa, shi kuwa yaro da karɓa-karɓa yake koyon magana, yace "ba" ke kice "ruwa? ruwa kake so? ga ruwa", ki ɗan yi shiru ki bashi dama ya gwada. Kar ki matsa mai da "ce ruwa, ce ruwa", kar kuma a bari yara su riƙa kwaikwayonsa suna dariya. Ba sai kin ware lokaci ba, nasan hannunki a cike yake. Kina mai wanka ki riƙa faɗin ga kunne ga ciki ga ƙafa, kina tsintar shinkafa ki bashi ludayi da roba ya zauna kusa, kina ba jaririya nono ki jawo shi gefenki kice Abba ina hancin ƙanwarka. Wannan na ƙarshen yana da wani amfanin, yaron nan rana ɗaya ya rasa nono ya rasa ɗakin uwarsa ya rasa bayanta, yanzu kuma ga wata ta zo ta hau, wani shirun nasa na kewa ne. In da hali ya dawo kwana wajenki, cikin gidan sauro, ko da rana yana wajen kakarsa.

Baban Abba shima da aikinsa, ba kuɗi kaɗai ba. Ya ɗauke shi bayan la'asar su zaga ƙofar gida, ga akuya, ga babur, ga mai rake, minti goma ma ya isa in kullum ne.

Hajiya kuma kar ki tunkare ta da "kinga abinda yayen nan ya jawo", zaki rasa ta ki rasa mijin. Abinda aka yi mata ta yi miki, kuma a ganinta ceton jikanta tayi. Gaskiyar ita ce nonon mai ciki baya zama guba, mace mai lafiya tana iya ci gaba da shayarwa da ciki, in za'a yaye kuma a hankali ake yi ana ƙara abinci, amma wannan bayanin ba daga bakinki zai shiga kunnenta ba. Ki samu maigida ku biyu da dare ki nuna mai damtsen yaron da idonsa, shi zai je yace Hajiya dan Allah ki raka su asibiti ke kika fi sanin yaron. In taji daga bakin ma'aikaciya, musamman babbar mace irinta, ta ga tef ɗin da idonta, ita da kanta zata kori wanzamin. Sannan ki bata girmanta, ki kai mata garin kice Hajiya ni ban iya dama shi yayi kauri ba tare da gudaji ba, ki roƙe ta ta riƙa yi mai tatsuniya da dare maimakon waya. Tsohuwar da ta iya gatanan gatananku da muryar Gizo da ta Ƙoƙi, wallahi babu malamar nasare da zata kamo ta wajen buɗe bakin yaro.

Laifin da kike ɗora wa kanki ki sauke shi, ciki ba ke kaɗai kika yi shi ba, yayen ma ba ke kika yanke ba. Amma kar a maimaita da jaririyar. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba'a bata duk zafin da za'a yi, rigakafinta na sati 6 da 10 da 14 kar ya wuce, kuma ranar da kika kai ta ki leƙa ɗakin tazarar haihuwa ku yi magana, da sanin maigida. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai in jaririya bata kai wata 6 ba, nono kaɗai take sha dare da rana, kuma al'ada bata dawo ba, ɗaya ya faɗi to shikenan. Likitoci suna son a samu shekara 2 tsakanin haihuwa da wani cikin, Alƙur'ani ma shekara biyu cikakku ya ambata ga mai son cika shayarwa. Kema ki ci daga kunun nan. In kuma kukan da rashin barcin da jin ke ba uwar kirki bace sun wuce sati biyu basu sake ki ba, ki faɗa wa ma'aikaciyar, ana samun haka bayan haihuwa kuma ana maganinsa.

Ranar zuwa ki fita da wuri ki kama layi, ki riƙe katinsa da duk kwalaben maganin da aka taɓa bashi har na gargajiyan, kar ki ɓoye ko ɗaya. Ki sa a rubuta miki nauyinsa da awon damtsen a kati da kwanan wata, ki koma awo ranar da suka ce ko da kinga ya fara murmurewa. In kin dawo ki turo min lambobin biyu da abinda aka ce game da kunnen.

Anti